Biskit ɗin goge haƙoran kyanwa: yana aiki kuwa, kuma ba ya cutarwa?

Uwar Maguna:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana a kan biskit ɗin nan na kyanwa da ake sayarwa a manyan kantuna, wanda aka rubuta a ledarsa wai yana wanke haƙora. Kyanwar mace ce, shekararta 5, nauyinta kilo 4 da ɗan ɗoriya, an yi mata aikin hana haihuwa, kuma ba ta cika fita waje ba. Da safe busasshen abincin nan na buhu take ci, da yamma dafaffen kifi da 'yar shinkafa. Bakinta ya fara wari. Idan aka ɗaga leɓenta ana ganin wani abu ruwan ƙasa ya manne a haƙoran baya na sama, dasashin wurin kuma ya yi jan layi siriri. Cin abinci dai tana ci kamar yadda ta saba.

Shin biskit ɗin zai cire wannan abin? Ƙwaya nawa ake ba ta a rana? Akwai illar da yake yi? Na gode.

Daktan Dabbobi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kika gani ya riga ya daskare, biskit ba zai ɓanɓare shi ba.

Datti iri biyu ne a haƙori, kuma sai an raba su za a gane aikin biskit ɗin. Na farko dauɗa ce mai laushi da yauƙi, tarin ƙwayoyin cuta ne da suka cakuɗu da yawu. Ko yanzu aka wanke haƙori, cikin 'yan sa'o'i ta fara dawowa, kuma da ɗan ƙyalle ma ana share ta. Idan aka bar ta, kalsiyam da ke cikin yawu sai ya zauna a kanta, cikin 'yan kwanaki ta taurare ta zama kanta mai kama da siminti. Ita ce ruwan ƙasan da kika gani. Dalilin da ya sa ta fi taruwa a haƙoran baya na sama shi ne akwai bututun yawu da ke buɗewa a kumatu daidai wurin. Kanta ba ta fita sai da ƙarfen likita. Amma mai cin dasashi ta gaske ita ce dauɗar mai laushi, musamman wadda ta shige ƙarƙashin bakin dasashi. Kanta tana taimaka mata ne, don tana da kaushi, dauɗa na samun wurin kamawa.

Biskit ɗin ta hanya biyu yake aiki. Ana yin sa da ɗan girma, cikinsa da ƙananan ramuka, don haƙori ya nutse ciki kafin ya fashe, gefensa ya gogi jikin haƙorin. Wasu kuma ana shafa musu wani sinadarin fosfet mai kama kalsiyam ɗin yawu, ya rage saurin daskarewar dauɗa. Duka biyun rigakafi ne a kan haƙori mai tsabta.

Ga inda aikin yake tsayawa. Babbar kyanwa haƙora 30 gare ta: na gaba 12, fiƙoƙi 4, na baya 14. Muƙamuƙinta ba ya juyawa gefe da gefe kamar na akuya mai tuƙa, sama da ƙasa kawai yake tafiya, haƙoran baya suna saɓawa kamar almakashi. Yanka take yi, ba niƙa ba. Saboda haka biskit yana taɓa manyan haƙoran baya ne kawai, sau ɗaya ko biyu, ta haɗiye. Fiƙoƙi da haƙoran gaba ba su san an yi ba, ƙarƙashin dasashi kuwa ba abin da ke kaiwa can.

Ki gwada wannan kafin ki sayi babbar leda: ki ajiye mata ƙwaya ɗaya a ƙasa, ki saurara. In kin ji ƙwas-ƙwas, tana taunawa. In ta zuƙe shi shiru, to kuɗinki ya tafi ciki kawai, haƙori bai ga komai ba. Maguna da yawa haka suke yi. Ki kuma lura da ɓarin da take karkatar da kai. Kyanwar da kullum take tauna ta ɓari ɗaya, yawanci ɗaya ɓarin ne ke mata ciwo, kuma can za ki tarar kanta ta fi yawa.

Batun ko an gwada abin: akwai wata hukuma ta likitocin haƙoran dabbobi a Amurka da ake kira VOHC, wadda aka kafa a 1997, tana ba da hatimi ga kayan da suka ci gwaji. Sharaɗinta shi ne a yi gwaji biyu daban-daban, kowanne aƙalla kwana 28, a fara da dabbobin da aka wanke wa haƙora tas, sannan a kwatanta da waɗanda ba a ba su abin ba. Ragin da ake nema wajen kashi 20 cikin ɗari ne. Ki dubi wannan adadin da kyau, Hajiya. Ragi ne na kashi ɗaya cikin biyar na dattin da zai taru, a bakin da aka fara da shi fes. A jikin hatimin ana rubuta abin da kayan ya rage: Plaque ita ce dauɗa mai laushi, Tartar ita ce kanta. Biskit ɗin maguna da suka fi shahara, irin su Feline Greenies, Purina DentaLife da Whiskas Dentabites, na kanta suka samu. Jerin yana canzawa, yana nan a shafinsu na intanet, a duba kafin a saya. Ledar da ba ta da hatimi, ba lallai ta zama jabu ba, sai dai maganar kamfani ce kawai kike da ita.

Jan layin da ke dasashinta kumburi ne na matakin farko, kuma yana warkewa gaba ɗaya idan aka wanke haƙoran aka ci gaba da kula da su. In ya wuce nan ya fara cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori, abin da ya tafi ba ya dawowa. Sannan maguna suna da wata cuta tasu, inda jiki da kansa yake zaizaye haƙori daga wuyansa, daidai bakin dasashi, wani lokaci sai a ga ɗan jan nama ya haura ya rufe ramin. Ta fi fara kama ƙaramin haƙorin da ke bayan fiƙar ƙasa. Ba biskit, ba buroshi da ke tsayar da ita, cire haƙorin ake yi. Cibiyar lafiyar maguna ta Jami'ar Cornell ta ce tsakanin kashi 50 zuwa 90 na magunan da suka haura shekara 4 suna da wani nau'in ciwon haƙori. Kada cin abincinta ya ruɗe ki: kyanwa tana ci da ciwon haƙori, ta haɗiye ba tauna, ba ta nuna miki komai ba.

Shawarata, a fara kai ta a duba bakin. Biskit ya biyo baya.

Malam Mai Awo:

Dakta ya gama da batun aiki, ni zan taɓa yawan da ake bayarwa, don nan ne aka fi yin ɓarna.

Kyanwa mai kilo 4 da aka yi wa aiki, mai zaman gida, tana buƙatar kalori 200 zuwa 240 a rana. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce duk wata ƙwalama kada ta wuce kashi 10 na wannan, wato kalori 20 zuwa 24. Irin wannan biskit yawanci ƙwaya ɗaya ba ta kai kalori 2 ba, ta fi kusa da ɗaya da rabi. In kin raba, ƙwaya 13 zuwa 16 ke nan a rana. Adadin da kamfanoni ke rubutawa a bayan leda ga kyanwa mai wannan nauyin shi ma nan kusa yake, a raba shi biyu, safe da yamma.

Matsalar ita ce ragin da aka samu a gwaji, da cikakken adadin nan aka same shi, kullum ba fashi. Mai jefa wa kyanwa ƙwaya uku ranar Juma'a bai yi wa haƙori komai ba. Mai ba da 16 kullum kuma bai rage abinci ba, nan da wata shida zai ga ƙugunta ya ɓace. To sai a cire daidai abin da aka ƙara: busasshen abincin buhu yana da kalori 350 zuwa 400 a gram 100, don haka a rage gram 6 daga awon safe, kusan cokalin cin abinci ɗaya. Kuma daga ranar babu wata ƙwalama, biskit ya cinye kason. A auna ta sau ɗaya a wata: ki hau sikeli da ita a hannu, ki sake hawa ke kaɗai, ki ɗebe.

Ba a farawa da 16 rana ɗaya. Ƙwaya 2 ko 3 a kwana biyun farko, a riƙa ƙarawa har a kai cikakken adadi cikin mako guda. In an ga zawo ko amai, a koma baya. A ba ta ɗaya-ɗaya, ba a zuba tuli a kwano ba, don tuli shi ke sa haɗama, haɗama ke kawo shaƙewa da amai da ƙwayoyin a yadda suke. Ruwa ya kasance a kusa.

Akwai magunan da sai likita ya amince. Mai ciwon ƙoda ana rage mata fosfaras a abinci, shi kuma sinadarin da ke hana kanta taurarewa dangin fosfaras ne. Mai ciwon suga, biskit ɗin hatsi ne ya fi yawa a cikinsa. Wadda ke kan abincin musamman na tsakuwar mafitsara, ko wadda ake binciken abincin da ke sa ta ƙaiƙayi, ƙwalama daga waje tana rushe tsarin. Akwai kuma irin da ake yi da ciyawar teku, gari ko ƙwayoyi, yana ɗauke da aidin mai yawa, ba a ba kyanwar da tairod ɗinta (wata 'yar halitta a wuya mai daidaita kuzarin jiki) ke aiki fiye da kima, cutar da ta fi kama tsofaffi. 'Yan ƙanana su dakata. Haƙoran girma suna gama fitowa wajen wata 6, amma da yawa daga cikin ledojin daga shekara ɗaya suka rubuta.

Kada a ba kyanwa na kare, ko an karya shi. Ya fi ƙarfin haƙorinta, gutsuren kuma yana iya tsaya mata a wuya ko a hanji. Masu laushin na kare wasu suna da sinadarin furofilin gilaikol, wanda ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, shi ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a abincin maguna.

Sai ajiya. Kayan nan daga waje ake shigo da su, sun sha zafin kwantena da na kanti kafin su iso hannu. A duba ranar ƙarewar wa'adi. Wanda aka juye daga babban buhu aka ƙulla a farar leda ba suna ba kwanan wata, a bar wa mai kanti kayansa. Bayan an buɗe, a matse iska a rufe, a sa a gwangwani mai murfi nesa da rana. Da damina yana shan laima ya yi laushi, kuma biskit mai laushi ba ya goge komai, ga haɗarin fumfuna. In ya fara warin tsohon mai, a zubar.

Wani ɗan abu a gefe, Hajiya: kifin yamman nan a tabbata an tsince ƙaya, kuma ba daga tukunyar miya aka tsamo shi ba. Albasa da tafarnuwa guba ne ga jinin kyanwa, dafaffu ko ɗanyu.

Uwar Maguna:

Allah ya saka da alheri, Dakta da Malam. An gwada, tana taunawa, amma ta dama kawai. Kafin a samu kai ta asibiti, za a iya goge mata da man goge bakin mutane, ko asuwaki? Wata ta ce a ɗan shafa man kanumfari a dasashin.

Ma'aikaciyar Asibitin Dabbobi:

Hajiya, don Allah kada a shafa kanumfari. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa irin waɗannan mayuka masu ƙarfi kamar tamu, kuma yana ƙona fatar baki. Haka man shafawa na kashe zafin haƙori na kemis, yawancinsu da benzoken a ciki, yana hana jinin kyanwa ɗaukar iska. Mafi muni shi ne farasitamol: ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe kyanwa, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Ibufurofen kuma ƙoda da ciki yake ci. Man goge bakinmu yana da fuloraid da sinadarin kumfa, an yi shi ne don mai iya tofarwa, ita kuwa haɗiyewa za ta yi. Gishiri, kanwa da gawayi duk a ajiye. Asuwaki zarensa ya yi wa dasashinta kaushi, yana kuma tsinkewa ya maƙale tsakanin haƙora.

Tunda ta dama kawai take ci, kada a goge komai yanzu. In aka sa buroshi a bakin da ke ciwo, kyanwa ba ta mantawa, ba za ta ƙara bari a taɓa fuskarta ba. Sai bayan an yi aiki ya warke.

In lokacin ya yi, gogewa kullum ita ce ta fi kowane biskit nesa ba kusa ba, don ita kaɗai ke kaiwa bakin dasashi da fiƙoƙi. Ƙasa da sau uku a mako ba ya riƙe baki. Ana koya mata ne a hankali, wajen mako huɗu. Makon farko, a ɗiga man goge bakin maguna a yatsa ta lasa, shi ke nan. Ana yin sa da ɗanɗanon kaza ko kifi. In babu, ruwan dafaffen kifi marar gishiri ya wadatar, ai gogewar ce ke aiki ba man ba. Mako na biyu, a ɗaga leɓe a shafa a fiƙa da yatsa, daƙiƙa biyar, a sake ta. Na uku, a kawo tsinken auduga na goge kunne, ko bandeji mai raga a naɗe a yatsa, a bi layin da haƙori ya haɗu da dasashi. Na huɗu, ƙaramin buroshi mai laushi sosai, na maguna ko na jarirai.

Yadda ake riƙo: a zaunar da ita a cinya tana ba ki baya, tafin hannu ɗaya a kan kanta, babban yatsa ya ja kusurwar leɓe sama da baya. Ba a buɗe bakin. Gefen waje na haƙora kawai ake gogewa, mai kallon kumatu, nan dauɗa ta fi zama. A karkatar da buroshi rabi-rabi, gashinsa na kallon dasashi, a yi ƙananan zagaye, a fara da manyan haƙoran baya na sama. Rabin minti kowane ɓari ya isa. Ɗan jini kaɗan a kwanakin farko yana faruwa, amma in ya wuce mako ko tana zabura duk lokacin da aka taɓa wani haƙori, a koma asibiti. Ga inda biskit ɗin yake da amfani na biyu: a ba ta kason yamma nan take bayan gogewa, ta san akwai lada.

In ta cije ki, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a je asibiti ranar. Fiƙarta siririya ce, tana tura ƙwayoyin cuta ciki, ramin ya rufe, hannu ya kumbura kafin gari ya waye.

Mai Kiwon Kaji:

Dakta, ina da ja kaɗan. Ƙwayar da ake fasawa sau ɗaya ba za ta kai naman da kyanwa ke minti biyu tana yanka da haƙoran baya ba. Wasu likitocin a waje suna ba da shawarar ɗanyen wuyan kaza ko ƙundu. Ga shi da araha, ba sai an jira kanti ya kawo kaya ba. Me ya hana?

Daktan Dabbobi:

Malam, maganarka ta tauna gaskiya ce, nama mai jijiya yana sa haƙori aiki fiye da biskit. Ɗanyen ne matsala. Ɗanyar kaza tana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa irin su salmonela da kamfilobakta, kyanwa ta ci ta lashe jikinta, yara su ɗauke ta. Ga murar tsuntsaye, wadda ka fi ni sani tana zagayawa gonakin Najeriya tun 2006. Tana kashe maguna. A ƙarshen 2024 an samu magunan gida a yammacin Amurka da suka mutu bayan cin ɗanyen abincin naman tsuntsaye da shan ɗanyar madara. Ƙashin wuya kuma yana fasa haƙori ko ya gicciye a ganɗa tsakanin haƙoran sama. Dafaffen ƙashi ya fi muni, tsagewa yake yi kamar tsinke. In ana son tauna, a dafa ƙundu a ruwa zalla, ba gishiri ba magi, a yanka shi dogo kamar ɗan yatsa yadda ba za ta haɗiye shi lokaci ɗaya ba. A lissafa shi cikin kashi 10 ɗin da Malam Mai Awo ya faɗa. Ba zan ce yana rage kanta kamar abin da aka auna a gwaji ba, amma ba ya cutarwa.

Hajiya, tauna ta ɓari ɗaya ta ƙara nuna akwai abin da ke damunta a hagu, kada a ja lokaci. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, wurare ne da za a iya farawa, ko asibitin dabbobi mai zaman kansa da ke duba maguna. Ki tambaya tun a waya ko suna wanke haƙori da allurar barci, da kuma ko suna ɗaukar hoton haƙori, don fiye da rabin kowane haƙori yana ɓoye cikin ƙashi, kuma zaizayewar da na ambata sau da yawa sai a hoto ake ganin girmanta. Za su ce a hana ta abinci na wasu sa'o'i kafin aiki, su ne za su faɗi adadin. Mai shekara 5 yana da kyau a duba jininta, musamman ƙoda, kafin a sa ta barci. Ana kankare kanta sama da ƙarƙashin dasashi, a auna zurfin ratar da ke tsakanin kowane haƙori da dasashi da ɗan ƙarfe mai ma'auni, a goge ya yi santsi, wanda ya lalace a cire.

In wani ya ce zai kankare mata da ƙarfe idonta biyu, kada ki yarda. Saman zai yi fari, ƙarƙashin dasashi yana nan yadda yake, haƙorin kuma ya samu ƙarce-ƙarcen da dauɗa za ta fi kamawa.

In wankewa kawai aka yi, bayan 'yan kwanaki za a iya fara biskit da koyon buroshi. In an cire haƙori an ɗinke, abinci mai laushi kwana 10 zuwa 14, ba biskit ba busasshen abinci sai an jiƙa, har likita ya duba ɗinkin. Kafin ranar asibitin, ki jiƙa mata na safen da ruwan ɗumi minti goma. In ta daina ci gaba ɗaya kwana ɗaya cur, ko ta fara dalalar yawu da jini, ko ƙasan idonta na hagu ya kumbura, a kai ta ranar, ba sai ranar da aka ba ki ba.